Martani: Uwa Ta Riga Ta Gani, Saura a Tambaye Ta

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya, inda ya soki kiran da ake yi na a riƙa bibiyar girman ƙananan yara a asibitocin matakin farko, wato a riƙa tambaya ko yaro ya zauna, ya yi rarrafe, yana jin kira, ya buɗe baki a kan lokaci. A ganinsa wannan hidima ce ta ƙasashen da suka ƙoshi. Mu da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa ke ɗauke mana yara, in ji shi, ba mu kai nan ba tukuna. Ya ƙara da cewa kowane yaro da lokacinsa, ma'aunin Turawa ba zai auna ɗan Bahaushe ba, sannan a gaya wa uwa ɗanta na da matsala alhali babu inda za a tura ta, ɗora mata baƙin ciki ne kawai. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsa ba, domin daga rubutun ka san mutum ne da mutuwar yara ke ci wa tuwo a ƙwarya. Sai dai shawarar da ya yanke, in aka bi ta, yaran da yake tausayi su ne za su fara cutuwa.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. Wannan adadi ne mai tayar da hankali, kuma shi marubucin ya tsaya a kansa. To amma saura 868 fa? Su ma ai ta cikin cututtukan nan suka ratso. Jaririn da aka sha doguwar naƙuda a kansa, ya faɗo bai yi kuka ba, aka yi ta jijjiga shi har ya numfasa, yana cikin waɗanda suka rayu. Haka wanda shawara ta kama a makon farko, idonsa ya yi ɗorawa, aka riƙa shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan gulukos har sinadarin shawarar ya hau ƙwaƙwalwa. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna nuna cewa waɗannan biyun, rashin numfashi a wurin haihuwa da shawarar jarirai, suna kan gaba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar gaɓoɓi irin wadda asalinta daga ƙwaƙwalwa ne, kuma shawarar kan bar yaro da kurumta. Zazzaɓin da ke hawa kai ya sa yaro jijjiga da suma, wani bincike a Yuganda ya gano cewa kimanin ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tashi daga gare shi suna fama da raunin fahimta shekara biyu bayan sallama. Sanƙarau kuwa ba sai an ba mutanen Arewa labari ba. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai da yawa da ba su sake jin sauti ba. A Zamfara, gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka dutsen zinare a tsakar gida, ta kashe yara sama da 400, ta kuma bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa da za su rayu da shi.

Saboda haka raba aikin gida biyu da marubucin ya yi, a ce wannan ceton rai ne wancan kuma ƙawa, bai dace da abin da ke faruwa a ɗakin jinya ba. Yaro ɗaya ne. Wanda aka ceto daga zazzaɓi a watan Agusta shi ne wanda zai daina juyowa in an kira sunansa a watan Disamba. Ɗauki tamowar da ya fi nanatawa. A binciken nan na 2018, kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57. Tsumburewa ba a tsawon jiki kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Shi ya sa a cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa na jinyar yaro mai tamowa mai tsanani, akwai mataki guda na wasa da yaron da yi masa magana da nuna masa ƙauna. Wannan mataki yana nan a rubuce tun da daɗewa, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa. Wanda ya damu da tamowa da gaske ba zai kira shi ƙawa ba.

Batun cewa kowane yaro da lokacinsa, akwai gaskiya a ciki, kuma iyayenmu mata sun fi kowa sanin ta. Wani ɗan wata tara yake tatata, wani sai ya haura shekara. Wani da nauyin baki yake tasowa, in ya fara kuma sai an roƙe shi ya yi shiru. Amma lokacin nan yana da iyaka, kuma an auna iyakar. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara sama da 800 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar: Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka. An samu kusan dukkansu suna zama da kansu tsakanin wata huɗu da wata tara, suna tafiya ba riƙo tsakanin wata takwas da kusan wata goma sha takwas. Dubi faɗin tazarar: kusan wata goma tsakanin mai sauri da mai jinkiri, duk lafiyayyu. Ma'aunin ya riga ya ba kowane yaro lokacinsa. Abin da yake cewa shi ne, in ɗan wata goma bai zauna ba, ko ɗan shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ya fita daga inda kusan kowane lafiyayyen yaro yake, a duba shi. Kuma 'ya'yan Accra suna cikin waɗanda aka gina ma'aunin a kansu. Wani binciken da Farfesa Ilgi Ertem ta jami'ar Ankara ta jagoranta, wanda ya fito a 2018, ya bi yara a Ajantina da Indiya da Afirka ta Kudu da Turkiyya, ya samu cewa yawancin matakan girma a shekaru ukun farko lokaci ɗaya lafiyayyun yara ke kai su, duk da bambancin harshe da al'ada. Inda bambanci ya fi fitowa shi ne a abubuwan da tarbiyyar gida ke koyarwa, irin su cin abinci da kai da sanya tufafi.

A nan zan ba marubucin haƙƙinsa. Takardar tambayoyi da aka tsara don yaron da ke hawa matakalar bene yana wasa da almakashi ba ta da amfani a ƙauyen da babu bene. Doguwar takarda mai shafi shida kuma ba za ta cika ba a hannun malamar asibiti ɗaya da mata sittin ke jira a kan benci. Hatta a ƙasashen da suka ci gaba ba a gama jayayya ba a kan ko ya kamata a tantance kowane yaro don gano lalurar otizim: ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a yi a wata 18 da 24, wani kwamitin ƙwararru na ƙasar kuma ya ce a 2016 hujjar ba ta isa ba tukuna ga yaran da babu wanda ya nuna damuwa a kansu. Duk wannan haka ne. Amma gyaransa a daidaita ma'auni da wurin, kamar yadda aka yi a Malawi, inda Dakta Melissa Gladstone da abokan aikinta suka tsara nasu tun 2010 da abubuwan da yaron karkara ya saba gani. Ko kwamitin Amurkan nan bai ce a yi banza da uwar da ta zo da damuwa ba.

Wannan uwar ita ce marubucin ya manta da ita gaba ɗaya. Ya yi magana kamar asibiti ne zai kai mata labarin da ba ta sani ba. Wadda take goya yaro daga asuba zuwa dare ta riga kowa gani. Ta san wuyansa bai tsaya ba alhali ɗan maƙwabciya da suka yi arba'in tare yana zaune. Ta lura in kwano ya faɗi kowa ya zabura shi bai motsa ba. Ta ga ba ya kallon idonta in tana ba shi nono. Ta faɗa wa uwar miji, an ce haƙori ne. Ta faɗa wa maigida, ya ce babansa ma sai da ya shekara uku ya yi magana. Ta sake faɗa, an ce ta cika ƙorafi, ta bar wa Allah. Daga nan sai ta yi shiru, amma ba ta daina lissafi ba. Ranar rigakafi ta zo asibiti, an ɗora shi a sikeli, an ɗiga masa magani, an yi masa allura, an rubuta ranar dawowa, ba wanda ya ce mata, "Maman yaro, akwai abin da ke damun ki game da shi?" Baƙin cikin da ake gudun ɗora mata tana ɗauke da shi tuni, ita kaɗai.

Kuma in asibiti bai ba abin suna ba, gari zai ba shi. Za a ce ɗan ruwa ne. Za a ce an sauya shi, ko uwar ta fita da tsakar rana tana da ciki, ko ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla, ko kishiya ce ta yi hannu. Daga nan sai yawon neman magani: hayaƙi, turare, rubutu, tsaga, a sayar da akuya, a sayar da kayan ɗaki. Akwai auren da ya mutu a kan haka. Akwai yaran da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki shekara da shekaru don kada baƙi su gani, kuma har yau akan ji labarin wanda aka kai bakin kogi. Tsangwamar da ake tsoro ba daga katin asibiti take fitowa ba, ta riga katin isa gida. Ma'aikaciyar lafiya da za ta zaunar da uwa da uba ta ce musu, "Shawarar nan da ya yi yana jariri ce ta taɓa shi, ba laifin kowa ba ne, ga abin da za mu yi," ta sauke wa matar nan dutse daga ka. Yarda da ƙaddara kuwa ba ta taɓa hana Musulmi neman magani ba, malamanmu sun sha faɗa.

Saura hujjarsa mafi nauyi, cewa babu inda za a tura su. Gaskiya ne masu koyar da magana a ƙasar nan 'yan kaɗan ne ƙwarai, likitocin ƙwaƙwalwar yara ma haka, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Uwar da ke ƙauyen Gwiwa ko Illela ba ta da kuɗin motar zuwa Kano ko Sakkwato duk mako. Ban raina wannan ba. Amma marubucin ya ɗauka duk jinkirin girma abu ɗaya ne, kuma duk maganinsa na hannun ƙwararre. Ba haka ba ne. Yaron da bai zauna ba saboda yunwa da ƙarancin jini, maganinsa na nan a asibitin da yake tsaye. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa wata da watanni har jinsa ya ragu, a nan za a fara yi masa magani. Mai farfaɗiya da kowace faɗuwa ke ƙara mayar da shi baya, akwai magunguna masu araha, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani daidai. Jaririn da aka ga fari a ƙwayar idonsa, tafiya ɗaya zuwa asibitin ido a kan lokaci na iya zama bambancin gani da makanta. Wanda aka haifa da ƙafa a lanƙwashe ciki, da filasta ake miƙar da ita in an fara da wuri. Yaron da gaɓoɓinsa suka shanye, ko ba a kai shi sashen gashi kullum ba, uwa za ta iya koyon yadda za ta zaunar da shi, da yadda za ta ba shi abinci bai shaƙe ba, da yadda za ta riƙa motsa masa gaɓoɓi kada su ƙage. Shaƙewar nan da ciwon huhun da ke biyo ta suna cikin abin da ke kashe irin waɗannan yara, don haka koyarwar ma ceton rai ce. Kuma wuraren turawa ba su rasa gaba ɗaya ba: akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ƙashi na Dala, da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Kurumta ta isa misali. Yaron da ba ya ji, in an gano shi da wuri, ko da iyayensa ba su da kuɗin na'urar ƙara ji, za a iya fara yi masa maganar hannu tun yana goye. Kuramen Kano suna da tasu maganar hannu mai cikakken tsari, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari ta rubuta littafi a kai. Ƙwaƙwalwar yaro harshe take nema a shekarun farko, ta kunne ya shigo ko ta ido. Wanda aka bari har shekara shida ba magana ba alama, ana jira bakinsa ya buɗe, an hana shi abin da da wuya ya rama daga baya. Kuma an gwada gano su a asibitocinmu. Tsakanin 2005 da 2006 Dakta Bolajoko Olusanya ta sa ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda ba su taɓa aikin kunne ba, suka riƙa gwada jin jarirai da wata ƙaramar na'ura a wurin allurar rigakafin BCG a ƙananan asibitoci huɗu na Legas. Cikin jarirai kusan 2,000 an tabbatar da 56 masu raunin ji na dindindin, kimanin 28 cikin 1,000, duk da cewa iyaye da yawa ba su koma gwaji na gaba ba. Rashin komawar nan matsala ce ta gaske da ke buƙatar a bi mutane har gida. Amma aikin ya nuna teburin rigakafi zai iya ɗaukar wannan nauyi.

Game da abin da ƙaramin ma'aikaci zai iya, labarin Jamaika ya kamata kowane mai tsara harkar lafiya ya sani. A shekarun 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston, Farfesa Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata tara zuwa shekara biyu. Wasu daga cikinsu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa sau ɗaya a mako, tsawon shekara biyu, tana zama awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da yaron, ta yi masa hira, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa daga gwangwani da robobin gida. Bayan shekara ashirin aka nemo su. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100. Babu likitan ƙwaƙwalwa a cikin aikin, babu na'ura. Mata ne na unguwa da aka horar.

Mu kuma muna da irinsu. Wannan ne ya fi ba ni mamaki a makalar, yadda ta manta da abin da muka yi da hannunmu. Don kawar da shan inna, ƙasar nan ta kafa tsarin da duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya sai an kai rahotonsa. An sa masu unguwanni da ungozomomi da masu ɗori da masu kemis cikin masu ba da labari. Dubban mata sun bi gida gida, sun san ɗakin da aka haihu da wanda aka ƙi buɗe musu ƙofa. Da haka aka kai ga watan Agustan 2020, lokacin da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Ƙasar da ta iya nemo ƙafa ɗaya da ta saki a rugar da mota ba ta zuwa, ba za a ce ba ta iya tambayar ko ɗan wata tara yana zama ba.

Lokutan haɗuwar ma a shirye suke. Ana kawo jariri a haihuwa, da mako shida, da goma, da sha huɗu, da wata tara, da wata goma sha biyar. A mako shida a tambayi ko ya yi shawara, ko yana zabura da ƙara, a kalli idonsa. A mako sha huɗu a ga wuyansa da murmushinsa. A wata tara, zama da gwaranci da juyowa in an kira shi. A wata goma sha biyar, tsayuwa da nuna abu da yatsa da kalmar farko. A kowane zuwa kuma a tambayi uwa abin da ta lura da shi, a saurare ta. Wanda ya daina abin da ya riga ya iya, ko a wane wata ne, a tura shi ba jira. Na san da yawa ba sa zuwa: a 2018 kashi 31 cikin 100 ne kawai na yaran ƙasar suka kammala rigakafin farko, kuma bayan wata goma sha biyar katin ba ya sake kiran kowa, alhali a lokacin ne nauyin baki ke bayyana. Wannan giɓin masu rabon maganin zazzaɓi na damina za su iya toshe shi, tunda wata wata suke shiga gidaje wurin yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar, haka ma makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara.

Kuɗin da wannan ke buƙata na horo ne, da layi huɗu ko biyar a katin yaro, da rajistar da za ta nuna wa aka tura kuma ko ya isa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin kula da lafiya. Hukumomin lafiya a matakin farko na jihohi su ke da ikon sa waɗannan tambayoyi cikin aikin yau da kullum, su kuma haɗa kowace ƙaramar hukuma da babban asibiti guda da ya san za a riƙa turo masa yara. Ina roƙon ɗan'uwana marubuci, da irin kaifin alƙalamin da Allah ya ba shi, ya taya mu matsa musu a kan wannan.